Bi Mwantumu, Wadda Aka Shiga Da Sunanta

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, wannan karon Bi (wato Malama) Mwantumu Kibwana ce ta riga mu. Ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, a gidanta da ke unguwar Ngamiani a nan garin Tanga, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Shekarunta hamsin da bakwai. Ina cikin aji 'yarta Mwanaisha ta kira ni, ruwan sama yana dukan kwano har da ƙyar nake jin ta. Ta ce, "Mwalimu, Mama ta tafi." Mwalimu shi ne malami a yaren nan. Bayan la'asar muka kai ta makwancinta. Saura kwana tara a koma kotun ma'aikata a kan shari'arta, wadda aka riga aka ɗage sau goma sha ɗaya.

Bi Mwantumu, ni ne malamin da ya koya miki ilimin ɓoye saƙo da tsaron kwamfuta, kuma ina cikin waɗanda suka zalunce ki. Zan faɗi duka biyun a nan, domin a wurin zaman makoki na ji mutane da yawa suna yabon ki, ban ji ko ɗaya ya ambaci abin da ya yi miki ba.

Ga wanda bai san ki ba sai a bakin mutane, bari in fara daga farko. Shekara goma sha tara kika yi kina ajiye bayanan marasa lafiya a wani asibitin taimako da ke wannan gari. Ke ce a bayan ƙaramar tagar nan, ke ke karɓar kati, ke ke nemo fayil, daga baya da aka kawo kwamfuta ke ke shigar da komai a cikinta. Shekara shida da suka wuce, wata safiya, aka wayi gari wata takarda tana yawo a wayoyin mutane. Sunaye ɗari uku da goma sha biyu ne a cikinta, na masu karɓar maganin cutar ƙanjamau a asibitin, kowane suna da unguwarsa da lambar wayarsa. Kafin azahar ta kai kasuwa, ta kai tashar mota, ta kai ƙofar masallatai da coci-coci. A cikin makon nan an saki mata. An ce wa wani malamin firamare kada ya sake zuwa makaranta. Wani saurayi mai gyaran babur a unguwar Makorora ya sha maganin ƙwari, ba a samu ceto shi ba.

Asibitin ya yi bincike na kwana uku. Kwamfuta ta nuna cewa da sunanki da kalmar sirrinki aka buɗe jerin sunayen, ranar wata Juma'a da rana. Kika ce a wannan Juma'ar kina garin Pangani wurin jana'izar yayarki, mutum ɗari sun gan ki. Suka ce to kin ba wani kalmar sirrin ke nan, ko kin sayar masa. Aka kore ki, aka manna takardar korar a allon sanarwa na bakin ƙofa, da cikakken sunanki, domin hankalin jama'a ya kwanta. Hankalin jama'a bai kwanta ba. An tofa miki yawu a kasuwa. An watsa ƙazanta a ƙofar gidanki sau biyu. Matan da kuka yi shekara ashirin kuna zuwa biki tare suka daina aiko miki da katin gayyata.

Wata biyar bayan haka kika hawo matakalar makarantarmu, wadda take saman shagon kayan keke. Ɗaki biyu ne da kwamfuta goma sha huɗu, uku daga ciki ba sa tashi sai an roƙe su. Kina haki, da jakar leda a hannu, kika tsaya a gabana kika ce kina so a rubuta ki a ajin tsaro. Na gane ki tun kafin ki faɗi sunanki. Na ce ajin yana da wuya, akwai lissafi, kuma na matasa ne masu neman aiki. Kika ce, "Mwalimu, ni ba aiki nake nema ba. An zama ni alhali ina Pangani. So nake in san yadda ake yin haka."

Na rubuta ki domin dokar makaranta ba ta ba ni ikon ƙi ba. Abin da ban faɗa miki ba shi ne, ƙanwata da muke uwa ɗaya uba ɗaya tana cikin ɗari uku da goma sha biyun nan. Ita ta ba ni izinin faɗin haka yau. Ni da nake yayanta, a cikin takardar na fara sanin tana da cutar. Mijinta ya mayar da ita gida da akwati ɗaya. Duk lokacin da na ɗaga kai na gan ki a kujerar baya, akwatin nan nake gani.

Ranar farko wani ɗalibi mai suna Shabani, wanda bakinsa ya fi ƙwaƙwalwarsa sauri, ya juyo ya ce, "Goggo, kin yi ɓatan kai, ajin ɗinki yana gaba kaɗan." Kika dube shi kika ce, "Na gode, ɗana. Idan ka faɗi jarrabawa sai in raka ka can." Tun daga ranar sunan Goggo ya bi ki, kuma Shabanin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makararki.

Karatun ya ba ki wuya ƙwarai, ba zan yi miki ƙarya don kin mutu ba. Shekara goma kina taɓa kwamfuta amma manhaja ɗaya tak kika sani, wadda aka nuna miki inda za ki danna. Da na buɗe baƙin allon da ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye, sai kika janye hannunki kamar an miƙa miki garwashi. Lissafi kuma kin rabu da shi tun kina 'yar shekara sha shida. Amma ranar da muka fara rubutun sirri na mutanen da, wanda ake gusar da kowane harafi gaba da taku uku, ke kika fara warware saƙon da na rubuta a allo. Kika ce ba wani sabon abu ba ne, matan Tanga sun daɗe suna ɗaura zane mai rubutu su wuce ta gaban maƙwabciya, kowa ya karanta amma mutum ɗaya ce ta san da ita ake. Da muka zo kan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, kika riƙa zuwa da 'ya'yan tsamiya a gwangwani, kina jera su kashi-kashi a kan tebur har ki ga da idonki cewa goma sha bakwai ta ƙi rabuwa. Yara suka yi dariya mako guda, daga baya suka fara aron gwangwanin.

Maganar mabuɗi biyu ta ɗauke ki wata guda. Na yi bayani sau uku a allo ban samu kanki ba, kuma ban yi ƙoƙarin yin na huɗu ba. Ke da kanki kika dawo wata Litinin da kwaɗo a hannu, kika ce, "Bari in gani ko na gane. Na raba wa duk garin nan kwaɗuna a buɗe. Duk mai son aiko mini da saƙo ya sa a akwati ya datse. Da ya datse, shi kansa ba zai iya buɗewa ba, domin mabuɗin yana ƙuguna. Haka ne?" Haka ne. Har yau da wannan kwaɗon nake koyar da darasin, kuma ban taɓa gaya wa ɗalibai daga ina na samo shi ba sai makon jiya.

A wannan shekarar ta farko ban taɓa yaba miki ba. Idan kika ɗaga hannu sai in kira wani. Idan kika yi kuskure sai in karanta shi a gaban aji. Ranar da ta fi muni ita ce ranar darasin kalmar sirri. Na gama bayanin yadda ake zaɓen mai ƙarfi, sai na ce, "Akwai wasu a ɗakin nan da suka fi mu sanin abin da sakaci da kalmar sirri yake jawo wa mutane." Wani ya yi 'yar dariya. Ba ki ɗago ba. Na ga alƙalaminki ya tsaya, ya ɗan jima a tsaye, sannan ya ci gaba da rubutu. Na yi zaton ba za ki dawo ba, kuma abin da nake so ke nan. Washegari kin riga kowa zuwa.

Wajen ƙarshen shekarar na je gaida mahaifiyarmu a unguwar Chumbageni. Na tarar da ƙanwata ta yi kyau, ta ciko, har tana tsokanar yara. Na tambaye ta ko ta koma asibitin ne, domin na san bayan fitar takardar ta rantse ba za ta sake taka ƙofar ba, ta kuma daina shan magani. Ta ce akwai wadda take raka ta asibitin garin Muheza kowane wata ta karɓi magani, inda babu wanda ya san ta. Ta ce matar ta zo gidan sau biyu tana korar ta da zagi, a na uku ta zauna a dakali ta ce ba za ta tashi ba sai an ji ta. Ba ta zo wanke kanta ba. Cewa ta yi ta san ranar da maganin kowa yake ƙarewa, kuma na ƙanwata ya ƙare kwana goma sha tara da suka wuce. Na ce wace ce? Ta ce, "Ɗalibarka. Ta roƙe ni kada in gaya maka."

Washegari na jira aka tashi, na tsayar da ke a bakin matakala. Na ce, "Kin san ƙanwata ce?" Kika ce, "Tun ranar da na ga sunan gidanku a allon ƙofa." Na ce, "Shekara guda ina yi miki abin da nake yi, me ya hana ki faɗa?" Kika ce, "Mwalimu, ba maganata ba ce da zan faɗa. Aikin suka karɓe, amanar tana wuyana." Na fara neman kalmar ba da haƙuri, kika katse ni. Kika ce, "Bari wannan. Lissafin nan na agogo, wanda idan an wuce sha biyu ake komawa ɗaya, har yanzu bai zauna mini ba. Kana da minti goma?" Muka koma aji. Ban sani ba ko kin yafe mini a ranar. Ban sake tambaya ba domin ina tsoron amsar, yanzu kuma babu wanda zan tambaya.

Daga baya na gano ba ƙanwata kaɗai ba ce. Ba ki taɓa gaya mini ko su nawa ne ba, ko su waye. Mijinki, Mzee (wato Dattijo) Kombo, ya ce abin da ya sani kawai shi ne akwai ranakun da kike fita da sassafe ki dawo da ƙurar hanyar Muheza a mayafinki, kuma ya koyi kada ya tambaya.

A shekara ta biyu muka shiga yadda kwamfutoci ke magana da juna, da yadda kowace na'ura take da lambarta kamar lambar gida, da yadda babbar kwamfuta take rubuta wa kanta rajistar duk wanda ya shiga, da lokacin, da lambar na'urar da ya shigo da ita. Ina cikin bayani kika miƙe tsaye, abin da ba ki taɓa yi ba. Kika ce, "Kana nufin ba sunana kaɗai ta rubuta ba? Ta rubuta daga inda aka zo?" Na ce idan ba a goge ba, ta rubuta. Kika zauna a hankali. Bincikensu na kwana uku bai wuce layin da sunanki yake ba.

Wata lauya daga ofishin taimakon shari'a ta karɓi maganarki ta kai kotun ma'aikata. An yi shekara guda ana ja kafin kotu ta umarci asibitin ya ba da rajistar. Da suka tashi bayarwa ba su ba da ita a na'ura ba, inda da za a bincika cikin minti biyar. Bugawa suka yi a takarda, shafi ɗari tara da 'yan kai, da ƙananan haruffa, ba a jere ba, a cikin kwalin man girki. Wanda ya yi wannan dabara ya san abin da yake yi. Ya lissafa cewa mace mai shekara hamsin da huɗu mai ciwon suga za ta duba shafi goma ta haƙura.

Wata bakwai kika yi a kan kwalin nan. Kika fara jera shafukan bisa kwanan wata a kan tabarma. Kika sayi rula da jan biro da sabon tabarau. Kowace safiya bayan kin sallami Mzee Kombo da shayinsa, sai ki zauna a barandar bayan gida ki bi layi-layi har rana ta iso ƙafarki. Na ce ki kawo a ɗauki hoton shafukan mu mayar da su cikin kwamfuta, ɗalibai su taya ki. Kika ƙi. Kika ce akwai lambobin fayil ɗin marasa lafiya a ciki, kuma idanun da suka gan su sun isa haka.

Ranar da kika gano, da ƙafa kika zo makaranta don ba ki iya jiran mota ba. Kika shimfiɗa shafi huɗu a teburina. A Juma'ar nan da kike Pangani, an shiga da sunanki, amma ba daga kwamfutarki ba, ba ma daga cikin asibitin ba. An shigo ta wata ƙofa da kamfanin da ya haɗa musu na'urorin ya bar wa kansa don yin gyara daga nesa, ƙofar da ba a taɓa rufewa ba tun ranar da aka kafa ta. Kika nuna mini cewa wannan lambar ta sha shigowa a watanni biyu kafin nan, da sunayen ma'aikata shida daban-daban. Ɗaya daga cikin shidan sunan shugaban asibitin ne. Daga baya, a gaban kotu, ta fito cewa kamfanin ya ajiye kalmomin sirrin ma'aikata duka a fayil guda, a fili, ba a ɓoye ko ɗaya ba. Duk wanda yake da mabuɗin ƙofar gyara yana iya zama duk wanda ya ga dama. Wanda ya shigo ɗin ya gwada mutum shida, ranar da ya tashi ɗauka sai ya ɗauka da naki.

Na duba sau uku ina neman kuskure ban samu ba. Na ce, "Bi Mwantumu, kin gama." Kika ce, "Ashe ban haukace ba." Sai a lokacin na san cewa shekara huɗu kina tambayar kanki ko kin taɓa rubuta kalmar a wata takarda kin manta.

A garin nan ba a rasa jita-jita. An ce akwai wani ma'aikacin kamfanin da suka rabu da maigidansa baram-baram a daidai wannan lokacin. Na kawo miki sunansa da zafina, na ce a sa a cikin rahoto. Kika ce a'a. Kika ce, "Rajista ta nuna ƙofa, ba ta nuna hannu ba. Ni ma da suna kawai aka kama ni." Ba ki sa shi ba, kuma saboda ke ba zan sa shi a nan ba, ko da yake Allah ya sani ina so.

Kika rubuta rahoto mai shafi goma sha huɗu, kika bayyana yadda aka shiga, kika jera abubuwa tara da ya kamata a gyara domin kada a sake. Lauyarki ta miƙa wa kotu, ta ba asibitin kwafi. Cikin wata guda suka gyara taran nan duka. Sun rufe ƙofar gyara, sun raba intanet ɗin ɗakin jira da na ofishin fayil, sun sa kowa ya canza kalmar sirri. Wani tsohon ɗalibina ne aka ɗauka ya yi aikin, ya ce takardar da aka ba shi taki ce kalma da kalma, an dai cire shafin farko mai ɗauke da sunanki.

Sai shugaban asibitin ya nemi a zauna a sasanta. Kika ce in raka ki. Aka kawo shayi da biskit. Ya kira ki Mama, ya tambayi lafiyar Mzee. Ya ce za su ba ki haƙƙinki na sallama har da ƙari, da sharaɗin ki janye ƙara ki kuma sa hannu cewa ba za ki sake maganar ba. Kika ce ba wannan kika zo nema ba. Abu biyu kike so. A manna takarda a allon bakin ƙofa, inda aka manna ta korarki, a ce ba ke ba ce. A kuma karanta ta sau ɗaya a rediyon gari.

Ya ce, "Mama, mu duka manya ne. Abin nan ya wuce, mutane sun manta."

Kika ce, "Ku kuka manta. Ni har yau akwai mai kifin da ba ta miƙo mini kifi a hannu, sai ta ajiye a gefen tebur in ɗauka."

Ya ce, "Idan muka rubuta abin da kike so, masu ba mu tallafi za su janye, mutum ɗari uku kuma za su kai mu ƙara. Talakawa dubu nawa ke shan magani a nan? Kina so a rufe asibitin a kanki?"

Na ga maganar ta shige ki, domin ya san inda zai taɓa. Sannan kika ce, "Ba na so a rufe. Shekara goma sha tara na ba shi. Amma kai ma an shiga da sunanka, Dakta. Da ranar nan naka aka ɗauka, da wa za ka ce wa ya haƙura saboda talakawa?" Ya duba agogo, ya ce a je a yi tunani. Ba ki taɓa shayin ba.

Daga nan sai ɗage-ɗage. Yau lauyansu yana Dar es Salaam, gobe an canza alƙali, jibi fayil ya ɓata, wata uku ya dawo. Sau goma sha ɗaya kina yin wanka ki ɗaura zanenki mai kyau ki je ki zauna a benci, a kira shari'ar, a ba da wata rana. A zama uku na ƙarshe ƙafafunki sun kumbura har takalmi ba ya shiga, Mwanaisha ce take riƙe ki. Ban ce sun san za ki mutu ba. Na ce sun ga ƙafafun nan kamar yadda na gan su, kuma suka sake neman ɗagewa.

A cikin waɗannan shekaru biyu ba ki zauna jira kawai ba. Kin zauna jarrabawar shaidar ƙwarewa a tsaron kwamfuta, kin faɗi sau biyu, kin ci a na uku kina da shekara hamsin da biyar. Kin nemi aiki a wurare takwas. Biyu sun kira ki, da suka ga furfura suka tambaya ko takardar 'yarki kika kawo. Ɗaya ya ce ya san sunan daga wani wuri. Sai kika koma kina zama ranar Asabar a ƙarƙashin bishiyar mangwaron bayan kasuwa, kina nuna wa mata yadda za su kulle wayoyinsu, da yadda za su gane saƙon 'yan damfara, da dalilin da ya sa shekarar haihuwa ba ta zama lambar sirri. Wata ta ce miki, "To ni mijina ne ya sa mini lambar." Kika ce, "To yau za ki sa taki, idan ya tambaya ki ce Goggo ce ta ɓata wayar." Wasu daga cikin matan nan sun san ko ke wace ce, suka karɓi ilimin, suka tafi ba su gaishe ki ba. Kin lura, kuma Asabar ta gaba kin koma.

Shugaban asibitin ya zo gaisuwa a rana ta biyu ta zaman makokinki. Aka ba shi kujera a gaba. Ya ce kin kasance ma'aikaciya mai ƙwazo, asibiti ba zai manta da gudummawarki ba. Mutane suka gyaɗa kai. Kamfanin da ya bar ƙofar a buɗe yana nan, na ji ma ya samu sabon aiki a wata gunduma. Lauya ta ce magada suna iya ci gaba da shari'ar, amma a shirya wa wasu shekarun. Allon sanarwa yana nan a bakin ƙofa, na bi ta wurin jiya, sanarwar rigakafin yara ce a manne.

Saboda haka ni zan rubuta abin da suka ƙi rubutawa, da sunana, Mhina Shemdoe, malami a wannan fanni shekara goma sha shida. Na ga shafukan da idona. Mwantumu Kibwana ba ta fitar da sunan kowa ba, ba ta sayar ba, ba ta yi sakaci ba. Ku ɗari uku da goma sha biyu, da iyayen saurayin Makorora, an cuce ku cuta mai girma, kuma aka nuna muku wadda ba ita ba ce domin ku samu inda za ku zuba fushinku. Ni ma an nuna mini, na kuma zuba nawa. Ni da ya kamata in fi kowa sanin cewa suna a kwamfuta ba mutum ba ne, ban tambayi ko an duba rajista ba sai da ke kika tambaya.

Da mutane suka ragu a wurin makoki na zauna kusa da Mzee Kombo. Na tambaye shi ko kin bar wata magana. Ya ce kwana biyu kafin rasuwarki limamin unguwa ya zo duba ki, ya ce ki yafe wa kowa domin ki tafi da sauƙi. Kika ce kin yafe wa waɗanda suka tofa miki yawu, domin an gaya musu ne suka yarda. Waɗanda kuma suka karanta shafi goma sha huɗun nan suka gane, sannan suka yi shiru, kika ce a bar ki da su, akwai inda ba a ɗage zama. Liman ya sake roƙo. Kika juya fuskarki bango.

Ya Allah, ga baiwarka Mwantumu ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha da wulaƙancin da ta haɗiye su zama kaffara a gare ta. Ka rufa mata asiri ranar da za a tone asirai. Ka saka mata da Aljannar Firdausi, ka haɗa ta da yayarta da iyayenta cikin rahamarka. Mu da muka cuce ta da jahilci, ka yafe mana. Waɗanda ta bari a hannunka, kai ne mafi sanin su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mzee Kombo Athumani, wanda ya tsaya da ita lokacin da tsayawa da ita yake jawo zagi, da 'ya'yanta Mwanaisha da Kibwana ƙarami, da jikokinta huɗu, da 'yan'uwanta na Pangani, da ɗaliban ajinmu, da waɗanda take rakawa Muheza, waɗanda ba su iya zuwa makoki sun faɗi dalilin kukansu ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.